Injin lantarki na kwale-kwale: mai bolt 12 ko mai bolt 24?

Malam, barka da aiki. Ka ce kana su a dam ɗin Tiga da jirgin katako mai tsawon kimanin mita 6, kai da yaronka, kuna kafa kalli, wato ragar kamun kifi da ake bari a ruwa, da yamma ku ɗebe da asuba, kuma tsadar fetur tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023 ta sa hankalinka ya karkata ga injin lantarki. Dillali ya nuna maka guda biyu: ɗaya mai aiki da batir ɗaya, bolt 12, da ƙarfin turawa laba 55, wanda ake rubutawa 55 lb a jikin kwali, ɗayan kuma mai batir biyu, bolt 24, da ƙarfin laba 80. Shawarata ita ce ka ɗauki mai bolt 12, da sharaɗin ya kasance irin wanda ake ƙara masa gudu sannu a hankali ba mai giya biyar ba, sannan rarar kuɗin da za ka kashe a kan babban ka zuba ta a batir na ƙwarai.

Ya kamata tun farko ka san aikin da aka ƙera waɗannan injuna dominsa. A shekarar 1934 aka fara yin su a garin Fargo na jihar Dakota ta Arewa a Amurka, inda kamfanin Minn Kota ya samo asali, kuma masu kamun kifi da fatsa aka yi wa su, mutanen da injin fetur ke kai su wurin kamu, sannan su kashe shi su kunna na lantarki domin su lallaɓa ba tare da kifi ya firgita ba. Mai laba 55 idan an ƙure shi yana jan wuta kimanin amfiya 50, wanda idan ka ninka da bolt 12 zai ba ka wat 600, alhali ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne. Mai laba 80 yana jan kimanin amfiya 56 a bolt 24, wato wajen wat 1,340, bai cika doki biyu ba. Saboda haka babu ɗaya a cikinsu da ya kama ƙafar Yamaha mai doki 15 da muka saba gani a bakin ruwa. Dukansu biyu gudunsu ba ya wuce kilomita 6 zuwa 8 a awa, kuma babban ba zai ninka maka gudun ƙaramin ba, domin juyin farfelarsu kusan ɗaya ne. Bijimin huɗa ne ba dokin sukuwa ba: abin da laba 80 ke ƙara maka shi ne ƙarfin tura kaya mai nauyi da tsayawa gaban iska.

To, ƙarfi nawa jirginka yake bukata? Ƙa'idar da masu ƙera injunan suke bayarwa ita ce laba 2 na turawa ga kowace laba 100 ta nauyin jirgi da duk abin da ke cikinsa, wato kimanin laba 4 da rabi ga kowane kilo 100. Mu ɗauka katakon da ya sha ruwa, da ku biyu, da jiƙaƙƙen kalli, da batir, da inji, da karfasa da tarwaɗar da Allah ya ba ku, duka sun kai kilo 600. A kan takarda laba 27 ta ishe ka. Mai laba 55 ya ninka wannan, kuma bisa ƙa'idar zai iya ɗaukar har kilo 1,250, shi kuwa mai laba 80 an yi shi ne domin jirgin da ya kai kilo 1,800. Ba na ba ka shawarar sauka zuwa mai laba 30 duk da cewa lissafi ya yarda da shi, domin lissafin na ruwa kwantacce ne, kuma kai ka fi ni sanin yadda iskar hunturu take tayar da igiyar ruwa a Tiga, da yadda hadarin farkon damina yake tasowa ba sallama. Rarar da ke tsakanin 27 da 55 ita ce za ta dawo da kai gaɓa a irin wannan rana, kuma a ganina ta wadatar.

Gaskiya ne mai bolt 24 yana da fifikon da bai kamata a ɓoye ba. Idan injunan biyu suna tura jirgi ɗaya da gudu ɗaya, amfiyar da mai bolt 24 zai ja kusan rabin ta ɗan'uwansa ce, don haka wayoyinsa ba sa ɗumi sosai, asarar wuta a hanya ta fi kaɗan, kuma tun da batir biyu yake da su, ajiyar wutarsa ninki biyu ce. Amma wannan fifiko kai ne za ka biya shi. Batir biyun dole su zama iri ɗaya, girma ɗaya, shekaru ɗaya, domin a jere ake haɗa su, kuma mai rauni a cikinsu shi ne zai riƙa yanke wa mai ƙarfin aiki, ya mutu da wuri, ya tilasta maka sayen biyu a lokaci guda. Idan na dalma ne masu ruwa, kowanne mai amfiya-awa 100 (ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa) yana kusan kilo 30, ka ga kilo 60 ke nan da za ka riƙa sauke su daga jirgi ka kai wurin caji ka dawo da su kullum. Mai bolt 12 kuwa, duk ranar da bukata ta ƙaru, za ka iya sayen batir na biyu ka ajiye a jirgi a matsayin na ko-ta-kwana, idan na farko ya yi ƙasa ka sauya waya kawai, kuma babu ruwan wannan da shekarun wancan.

Inda nake so ka fi mai da hankali shi ne mariƙin injin, wurin da ake murɗa gudu, domin a nan ne mafi yawan masu saye suke tafka asara ba tare da sun sani ba. Injuna masu araha suna zuwa da giya biyar na gaba da uku na baya. A cikin irin waɗannan, idan ka sa giya ta biyu ko ta uku, injin yana rage gudu ne ta hanyar bi da wutar ta cikin wasu naɗaɗɗun wayoyi da ke ƙone wani kaso nata ya zama zafi ya tafi a ruwa, saboda haka tafiyar sannu ba ta tara maka wuta gwargwadon yadda kake zato. Ɗaya irin kuma yana da na'ura a ciki wadda ke datse wutar tana sakinta da sauri ƙwarai, ta ba injin daidai abin da yake bukata, sauran ya zauna a batir. A kayan Minn Kota, Endura C2 shi ne mai giya, Endura Max kuma shi ne mai wannan na'ura, kuma kamfanin yana cewa caji ɗaya zai iya daɗewa har ninki biyar. Wannan adadi na talla ne, a gudu mafi ƙanƙanta kawai ake kusantarsa, amma bambancin na gaske ne. Kamfanonin Sin irin su Haswing su ma suna yin nau'i biyun, don haka kada sunan kamfani ya ɗauke maka hankali, ka murɗa mariƙin da hannunka: idan yana tsayawa daki-daki mai giya ne, idan yana tafiya sumul mai na'urar ne. Aikinka na bin kalli sannu a hankali ana ɗagawa ana cire kifi, kusan dukansa a ƙaramin gudu ake yin sa, shi ya sa nake ganin mai laba 55 mai wannan na'ura ya fi maka mai laba 80 mai giya amfani nesa ba kusa ba.

Ga lissafin lokaci. Batir mai amfiya-awa 100 da inji mai jan amfiya 50, a kan takarda awa biyu ne. Amma batirin dalma ba a so a sha fiye da rabinsa idan ana son ya yi ƙarko, don haka awa ɗaya kake da ita a cikakken gudu, wataƙila ma ƙasa da haka, domin dalma yana ba da ƙasa da abin da aka rubuta masa idan aka ja shi da ƙarfi. Batirin litiyom irin wanda ake rubuta wa LiFePO4 ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa, nauyinsa kilo 11 zuwa 13 ne, kuma yana jure caji sau dubbai inda na dalma yake gajiya a ɗaruruwa. Idan ka rage gudu har injin ya koma jan amfiya 15 zuwa 20, litiyom ɗin zai kai ka awa huɗu zuwa shida, kuma jirgin ba zai rasa gudu gwargwadon wutar da ka rage ba, domin ƙarshen gudun nan shi ne mai cin wuta da yawa a kan ɗan ƙari kaɗan. Kamfanin Minn Kota ma ya yi gargaɗi cewa mai amfani da litiyom kada ya daɗe yana tafiya sama da kashi 85 cikin ɗari na gudun injin, saboda ƙarfin wutar litiyom ba ya sauka da wuri kamar na dalma, kuma hakan na iya ƙona injin.

Batirin mota kada ya shiga lissafinka ko da an ba ka shi kyauta, domin an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu ya tayar da inji, idan aka riƙa tatse shi har ƙasa ba ya daɗewa. Dogon batirin inbata mai amfiya-awa 200 ko 220 yana jure tatsa, sai dai nauyinsa ya kai kilo 60, kuma ruwansa mai guba yana iya zuba idan jirgi ya karkata. Idan litiyom ka saya, ka tabbata na'urar kariyar da ke cikinsa ta yarda a ja amfiya 100, ko aƙalla fiye da 60, in ba haka ba za ta datse maka wuta a tsakiyar ruwa daidai lokacin da ka ƙure injin, sannan cajarsa ta zama ta litiyom.

Caji shi ne abin da zai yanke hukunci a ƙauyukan bakin dam inda wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce. Batir ɗaya na litiyom mai amfiya-awa 100 yana riƙe da wat-awa 1,280. Farantin sola mai wat 300, da na'urar caji mai kyau, zai iya cika shi a yini ɗaya na rana mai haske, amma a kwanakin hazo ko damina zai ɗan gaza. Tsarin aikinka ya dace da wannan ƙwarai, tun da kana dawowa da hantsi batir ya sha caji daga farantin har la'asar kafin ka koma kafa kalli. Mai bolt 24 kuwa zai bukaci ninkin farantan da cajar da ta dace da batir biyu. Wanda ya zaɓi dalma ya sani cewa barinsa ya wuni ya kwana babu caji shi ne yake kashe shi.

Tsawon sandar injin ba ya bukatar dogon bayani: ka auna daga inda za ka ɗaure shi zuwa fuskar ruwa, ka tabbata kan injin mai farfela zai nutse kimanin santimita 30, in ba haka ba zai riƙa shaƙar iska yana ƙara yana korar kifi. Jirgi mai ƙasa-ƙasa irin naka sanda mai inci 30 ko 36 ta ishe shi. Idan bayan jirgin mai tsini ne, kafinta zai kafa maka katako mai kauri a gefe kusa da baya, ka kuma ɗaure injin da igiya ban da maƙallansa, ka ajiye batir wajen tsakiya domin jirgin ya daidaita. Tsakanin batir da inji ka sa fiyus ko madatsar wuta mai amfiya 60, wayar kuma ta zama tagulla mai kaurin murabba'in milimita 10, wanda ake rubutawa 10 mm², ko 16 idan ta yi tsawo.

Akwai wanda zan ce wa ya ɗauki mai bolt 24 ba tare da jinkiri ba: mai babban jirgi da ke ɗaukar mutum huɗu ko biyar da taru, ko wanda yake aiki inda ruwa ke gudu da ƙarfi, kamar kogin Neja a wajen Yawuri. Wanda kuma yake tsallaka tafki mai faɗi irin na Kainji, wanda tsawonsa ya haura kilomita 130, babu ɗaya cikin biyun da zai maye masa gurbin injin fetur. Abin da ya fi kusa da bukatarsa shi ne manyan injunan lantarki irin na Torqeedo ko ePropulsion, waɗanda kuɗinsu ya ninka na waɗannan sau da yawa. Masu ɗauruwa a goshin jirgi da ke tsayar da shi wuri ɗaya ta tauraron ɗan'adam kuwa, na jiragen fatsa na Amurka ne, kuma gyaransu a nan wahala ne.

Ko wanne ka saya, kada filafili da rigar kariya su bar jirginka. Ka nemi dillalin ya haɗa maka da farfela ta biyu da 'yan ƙusoshin da ke riƙe ta, kuma idan wurin kamunka akwai kacala ko kainuwa, ka zaɓi farfelar da aka yi domin ratsa ciyawa. Babban abokin gaban wannan inji a hannun mai kalli shi ne zaren kallin kansa. Guntun zaren roba yana naɗewa a bayan farfela inda ido ba ya gani, ya yi ta ci har ya yanke robar da ke hana ruwa shiga cikin injin, kuma da zarar ruwa ya shiga sai tsatsa ta bi. Duk bayan 'yan kwanaki ka cire wayar batir, ka kwance farfelar, ka zare abin da ya naɗe a ƙarfen, sannan ka mayar da ita ka ɗaure.