Gangs of Lagos a Prime Video: harshe ya fito daidai, an yi tuntuɓe a kan Eyo

Wannan fim, wanda Jade Osiberu ta ba da umarninsa, ya fito a Prime Video, dandalin kallon fina-finai na kamfanin Amazon, ranar 7 ga Afrilu 2023, kuma shi ne fim na farko da Amazon ya ɗauki nauyinsa a Afirka. Tsawonsa awa biyu da 'yan mintoci. Labarin abokai uku ne, Obalola da Gift da Ify, da suka taso a Isale Eko, tsohuwar unguwar tsibirin Legas, a hannun manyan 'yan daba masu yi wa 'yan siyasa aiki. Akwai sara da harbi da jini a fili, don haka ba na kallo da yara ba ne. Wanda ba ya jin Yarbanci ya kunna fassarar ƙasan allo tun daga farko.

Harshen ne ƙarfinsa. Ɗan daba yana zagi da Yarbanci, yana ciniki da Turancin Buroka, Turanci tsantsa kuwa sai a bakin masu kuɗi. Da jin mutum ka san matsayinsa. Ify da mahaifiyarsa 'yan ƙabilar Ibo ne, amma an nuna su a matsayin 'yan unguwa, ba baƙin da aka sako don ban dariya ba. Chioma Akpotha ta riƙe matsayin uwar da kyau, kukanta ya fi duk wani faɗa a fim ɗin shiga rai. Gift, wadda Adesua Etomi ta fito a matsayinta, tana shiga faɗa da hannunta, ba a ajiye ta a gefe tana jiran ceto ba, sai dai ba a ba ta lokacin da za mu san abin da take so wa kanta ba. Kusan komai ta idon Obalola, wanda Tobi Bakre ya fito a matsayinsa, muke gani.

Matsalar tana kan Eyo. Dodannin gargajiyar Legas ne masu farin tufa daga kai har ƙasa, da hula mai faɗi da doguwar sanda, waɗanda ake fitowa da su musamman don karrama babban mutum da ya rasu. A fim ɗin makasa ne ke ɓuya a cikin wannan shiga. An gane dalilin: fuska a rufe take, fari kuma yana haska jini a kyamara. Amma ba a tsaya an nuna wa mai kallo abin da Eyo yake nufi ga mutanensa ba, don haka wanda ya fara ganinsa a nan zai ɗauka kayan aikin kisa ne. Kamar a ce an ɗauki mahayan hawan sallah an mai da su 'yan fashi, a tura wa duniya ba tare da nuna hawan kansa ba. Gwamnatin jihar Legas ta yi tir da hakan, ƙungiyar zuriyar Isale Eko kuma ta kai ƙara kotu. Fitowa ɗaya ta minti biyu da ke nuna bikin a asalinsa, da tuntuɓar masu al'adar tun ana rubuta labari, da sun rage wannan ɓarnar.

Haka ma unguwar: mahauta da 'yan daba sun cika allo, malamin makaranta da tela da ɗan kasuwar da ba ruwansa da daba ba su sami wuri ba. Ga mai son fim ɗin 'yan daba mai ɗaukar hoto mai tsabta da faɗan da aka tsara da kyau, ya cancanci kallo.