Kwafin gumakan Girka da Rum: filasta, rezin ko tagulla?

In kwafin Afrodita ta Milo kake so, ko kan Apolo na Vatican, don ajin koyar da zane ko ɗakin nune-nune, fara duba inda aka samo mazubin kafin ka tambayi kuɗi.

Filasta ita ce gaba, amma ta gidajen zubi na gidajen tarihi. Gipsformerei na Balin tun 1819 yake aiki, na Louvre kuwa tun 1794, kuma da yawa daga mazubansu a jikin ainihin gunkin aka ɗauke su. Shi ya sa za ka ga sawun kurfi a gashin kai, da tsagar da dutsen ya yi, da gurbin hannun da ya karye. Filasta ba ta tsukewa in ta daskare, don haka girman yana fitowa daidai. Siririn layin da ke bin kafaɗa ko gefen fuska mahaɗar sassan mazubi ce, ba aibi ba ne. Raunin filasta ruwa ne: kada a ajiye ta waje, kada a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, buroshi mai laushi ya isa ya kawar da ƙura. Babban kwafi yana buƙatar ƙarfe a ciki. Ka tambaya ko marar tsatsa ne, domin in ya yi tsatsa yana kumbura, ya tsaga idon sawun gunkin, jan tabo ya fito.

Marmara da aka sassaƙa da hannu tana da kyau, amma fassarar masassaƙi ce. Na injin 3D kuwa, layukan bugu suna cin fuskar.

Rezin, wani irin roba da ake zubawa ya daskare, shi ne filin 'yan damfara. Yawancin fararen gumakan da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido a unguwar Plaka ta Atina da sunan "alabasta" garin dutse ne aka kwaɓa da rezin. Ɗora tafin hannu: dutse yana da sanyi, rezin yana ɗumama nan take. Juya ƙasansa ka nemi ƙananan ramukan kumfa. Rana kuma tana mai da shi ruwan ɗorawa.

Haka "tagullar zubin sanyi": rezin ne da garin tagulla. Ta gaske, wadda aka zuba ta hanyar narkar da kakin zuma irin ta Ife da Benin, in ka ƙwanƙwasa tana amsa amo. In maganaɗisu ya kama, baƙin ƙarfe ne aka shafa wa fenti. Ga kuma kwafin kwafi: kowane sabon zubin tagulla yana rage girma, gemun gunkin tagullar Girka da ake kira Zeus na Artemision ya koma dunƙule. Ainihin wannan gunki mita 2.09 ne, duk ƙarami da aka nuna maka sake ƙira ce.

Wanda ya ce maka nasa tsohon gaske ne da aka tono, bar wurin. Ruwan shayi da ƙasa ake tsufar da su, kuma in ma gaskiya ya faɗa, dokar Girka da ta Italiya sun hana fitar da kayan tarihi ba izini. Kwafin gidan tarihi yana zuwa da hatimi ko takardar shaida, ka nemi hotonta kafin ka tura kuɗi.