Ɗakin ƙasa ko tantin roba a hamada?

'Yar'uwa, tsakanin masaukin ginin ƙasa da tantin robar nan mai kama da ƙwallo da ake hango taurari ta cikinsa, kama ɗakin ƙasar kawai, kada ma ki tsaya dogon tunani.

Na yi kwana uku a wani ɗan ƙaramin masauki a Siwa, can yammacin Masar dab da iyakar Libiya, cikin watan Janairu. Da abin da suke kira kershef aka yi ginin, wato dunƙulen gishirin tafkunan wurin ne ake cuɗawa da laka, bangon kuwa kaurinsa ya kai kamu guda. In kika matso da kyandir sai ki ga gishirin yana ƙyalli a jikinsa. Sanyin hamada da dare ba na wasa ba ne, da hunturu yakan sauko kusa da sifiri. Na dawo daga waje haƙorana na haɗuwa, ina shiga na dafa bango, sai na ji shi da ɗumi kamar jikin mutum. Zafin ranar da ya sha tun safe ne yake saki a hankali. Da rana kuma waje na ƙuna, ciki kamar ruwan randa. Ba AC, ba ƙarar janareta, shiru har kina jin kaɗawar ganyen dabino. Na daɗe ban yi barci irin na can ba.

Yana da nasa aibin. Wasu masaukan babu lantarki a ɗaki sam, cajin waya sai kin kai wurin masu karɓar baƙi. Gishiri kuma ba ya shiri da ruwan sama: ruwan kwana uku a 1926 shi ya narkar da yawancin Shali, tsohon garin Siwa. Sai dai ruwa a can ba kasafai ba ne.

Tantin robar kuwa na taɓa biya a wani wuri, har yau kuɗina na yi mini ciwo. Yana kyau a hoto, iyakarsa ke nan. Hantsi na yi ya koma tanda, ƙura ta dushe robar, taurarin ma sai da na fito waje na gan su sosai.

Ki yi hattara da masu tallan "muna kare muhalli". Da yawansu faranti biyu na sola suke jinginawa a bakin ƙofa don hoto, janaretan dizal na can bayan tudun yashi yana aiki kwana da yini. Kafin ki tura ko sisi, tambaye su daga ina wutarsu take, ina ruwan wanka da na bayan gida yake tafiya, kuma kuɗin motar da za ta shigar da ke cikin yashi yana cikin lissafi ko sai kin iso za a tatse ki. Ki ce su turo bidiyon ɗakin na ranar, don hotunan wani masaukin ake sacewa a liƙa. Wanda ya fara kame-kame, ko ya ce sai kin biya duka tun daga gida, rabu da shi.

Ki je tsakanin Oktoba da Maris, ki daidaita da kwanakin duhun wata, kuma ki sa rigar sanyi mai kauri a jaka.