Kwana a gandun dajin Gadabeji: jagora ya iya aikinsa, masauki kuwa da sauran gyara

Masu shirya tafiye-tafiyen yawon buɗe ido ba su da yawa a Maradi, saboda haka duk wanda ya ɗauki nauyin kai mutane gandun dajin Gadabeji ya kwana da su a can, ya kamata a auna aikinsa da kyau. Wani ƙaramin kamfani ne ya kai mu a lokacin ɗari, da mota mai iya ratsa rairayi, domin daga Dakoro zuwa arewa ƙaramar mota ba ta da ta cewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne dattijon da suka haɗa mu da shi a matsayin jagora, tare da jami'in gandun daji da ya raka mu. An keɓe wannan daji tun 1955, faɗinsa ya kai hekta 76,000, kuma dabbobin cikinsa ba sa jiran baƙo a bakin hanya, don haka wanda bai san sawu ba zai wuni yana kallon itatuwan aduwa kawai. Bayan sallar asuba dattijon ya sa muka bar motar muka taka da ƙafa. Ya nuna mana rassan ƙaya da aka tsinke wa ganye a can sama, inda raƙumin gida ba ya kaiwa, sannan ya durƙusa ya murza kashin dabba da yatsunsa ya ce ɗanye ne. "'Ya'yana, ku sassauta murya, iska tana kai musu labarinku," in ji shi. Ba mu yi nisa ba sai ga raƙuman dawa suna kiwo a natse. Tun shekarun 1970 fari da farauta suka ƙarar da irinsu a yankin, sai a 2018 aka ɗauko guda takwas daga wajen Kure, kusa da Yamai, aka sake su a nan. Barewa kuwa ƙurarta muka fi gani, ko da yake mun ci karo da jan biri da tuje.

Masaukin ne ya rage armashin tafiyar. Tantunan sun tsufa, zif ɗin wanda aka ba ni ba ya rufuwa, kuma bargo ɗaya ba ya maganin sanyin dajin Dakoro da tsakar dare. Ruwan sha ma an yi masa ƙwauro, alhali da na alwala da na shayi duk daga jarka ɗaya ake ɗiba. Abincin dai ba laifi, shinkafa da wake ce da gasasshen nama. Haka kuma babu wanda ya gargaɗe mu game da ƙarangiya, wadda ta cika ƙafar wandon duk wanda ya zo da silifa.

Ina ba da shawarar a bi wannan kamfani saboda jagoran, amma kafin a biya kuɗi a nemi ganin tantunan, a tambayi yawan ruwan da za a ɗauka, a kuma tuntuɓi hukuma kan halin tsaron hanya. Kowa ya tafi da bargonsa da rufaffen takalmi.