Jama'a a yi hattara da mai wilin nan da ke yawo kasuwannin ƙauye

Salam 'yan uwa direbobi da masu tarakta, musamman na yankin Gumel, Maigatari har zuwa Ɗambatta. Akwai wani bawan Allah da ke zuwa ranar kasuwa da a-kori-kura cike da wili (ƙarfen da ake saka taya a kai) da boris (wanda wili ke juyawa a kansa), kaya sun sha fenti sai ƙyalli suke, yana cewa wai 'yan Beljiyam ne yanzu aka sauke su, kuma kuɗinsa ƙasa yake sosai da na kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano. Dan Allah kar arha ta ruɗe ku. Tsofaffin wili ne yake tsintowa wajen 'yan gwangwan, wanda ya tsage a yi masa walda a goge a shafe da fenti, wanda ramin tsakiyarsa ya yi ƙanƙanta a ƙwaƙule shi, ramin noti kuma a ci shi da fayil har ya koma kamar ƙwai, wai don ya hau kowace mota.

Maganarsa kullum ɗaya ce, "Alhaji in dai noti ya shiga ai shikenan." To wallahi nan ƙaryar take. Noti ba shi ke ɗaukar lodi ba, aikinsa ya matse wili ya manne da fuskar hob (ƙarfen jikin mota da ake ɗaura wili a kai) tam, wannan matsewar ita ke riƙe nauyin, shi kuma ɗan leɓen nan da ya fito a tsakiyar hob shi ke zaunar da wilin daidai tsakiya kar ya karkace. Shi yasa kowace mota da awonta. Golf 3 rami 4 ne a kan da'irar milimita 100, ramin tsakiya 57.1, tsohuwar Corolla ita ma 4 a kan 100 ce amma tsakiyarta 54.1, kaga wilinta ba zai zauna a hob ɗin Golf ba sai an ƙwaƙule, kuma ƙwaƙular da aka yi da hannu ba ta taɓa fitowa daidai tsakiya. Peugeot 406 kuwa 4 a kan 108 ne, tsakiya 65.1. Wanda ya fi cin mutane shi ne na Sharon da Camry, ɗaya 5 a kan 112 ɗaya 5 a kan 114.3, da ido ba za ka gane ba, in an danna da ƙarfi zai shiga amma a karkace, kuma motocin nan mu mun san irin lodin da muke musu, buhunan riɗi a but, mutum huɗu a baya, ga hanya duk ramuka.

Wani maƙwabcinmu mai Golf ya sayi wili biyu a hannunsa ya saka a baya. Tun a hanyar dawowa mota ta fara rawa in ya ɗan taka, aka ce masa balansin ne, ya je aka yi bai daina ba. Da bakanikenmu ya ɗaga ta a jak ya kwance, ƙusoshin ɗaure wili biyu sun riga sun karye, sauran wuyansu ya cinye yana sheƙi, ga jan garin tsatsa ya zubo daga bakin kowane rami, wanda duk mai faci ya san alamar wili na motsi ne a kan hob. Ya kankare fentin da sukundireba sai ga layin walda tun daga ramin noti har tsakiya. Allah ne dai ya tsare, da yara 'yan makaranta yake ɗauka.

Na san wani zai ce ai tirelar tarakta da ƙananan tirelolin da masu walda ke haɗawa da yawansu wilin ba ya taɓa leɓen hob kuma suna aiki. Gaskiya ne, amma su notin ne mai tsini a baki yake shiga mazauninsa ya daidaita wilin, to shi wannan mutumin mazaunin ne ya cinye da fayil, me ya rage kenan? Manyan motoci irin DAF da MAN kuma noti 10 ne a kan 335, tsakiya 281, notinsu mai wosha ne shimfiɗaɗɗe, shi ba ya daidaita komai, leɓen hob kaɗai aka dogara da shi, in rami ya yi faɗi an gama.

Boris ɗinsa ma haka, tsoho ne a wanke da fetur a cusa giris a saka a sabon kwali mai sunan kamfani. Ka goge giris ɗin ka juya a kunnenka za ka ji yana gurza.

In za ka sayi wili ko a wurin wa ne, ka tafi da bakanikenka, a ɗora shi a hob babu noti ko ɗaya a gani ko yana wasa, a juya bayansa a duba walda, a shafa ramukan da yatsa. Shi mai wilin nan da an ce a gwada sai ya ce yana sauri zai kama wata kasuwar, kuma baya bada rasit, lambar da yake bayarwa ma bata shiga. Shugabannin tasha dan Allah ku sanar da yaranku, wanda ya riga ya saya kuma ya kwance yau a duba kafin ya ɗau lodin Alhamis.