Koha: ranar da na zaci aikin hutuna ya bi ruwa

Shekara biyu ke nan da muka ajiye babban littafin rajistar aro muka koma manhajar Koha a laburaren makarantarmu. Da a ce ranar Litinin ta farkon zangon da ya wuce aka tambaye ni, da na ce kada kowa ya kusance ta.

Duk tsawon dogon hutu ni kaɗai nake zuwa, ina shigar da littattafan da tsofaffin ɗalibai suka kawo mana gudummawa. Na Turanci ba su wahalar da ni ba: in buga lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, Koha ta jawo bayanin daga kundin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, in dai intanet ta ga dama. Na Hausa ne suka ba ni wuya. Yawancinsu bugun kasuwa ne, babu ISBN, wasu ko shekarar bugu babu, sai na zauna na rubuta komai da hannu. Sunan da ke da ƙ ko ɗ kuwa sau biyu nake sa shi, da lanƙwasa da kuma ba lanƙwasa, don yara ba sa damuwa da wannan in suna nema. A haka na shigar da wajen 600.

Ranar da aka dawo, mataimakin shugaba ya shigo da baƙi biyu daga ƙungiyar tsofaffin ɗaliban, su ga inda littattafansu suka kwana. Na gyara zama, na buga sunan littafi. Babu. Na buga wani. Babu. Tsofaffin littattafai na fitowa ras, amma duk abin da na shigar tun tsakiyar Agusta ko alamarsa. Gumi ya karyo mini, ɗaya daga cikin baƙin ya ce, "Malam, ko dai suna cikin kwali har yanzu?" Wallahi maganar nan ta fi komai ƙona mini rai.

Na kira injiniyan da ya ɗora mana ita, waya a kashe. Mutumin nan ya karɓi kuɗinsa cif, ya koya mana aiki na yini ɗaya, rabinsa ma a kan waya yake, ya tafi.

Wadda ta fitar da ni kunya 'yar bautar ƙasa ce da aka turo mana, ni da nake sa ta share kantar aro da liƙa lamba a bayan littafi. Ashe ilimin laburare ta karanta. Bayan baƙi sun fita ta ce, "Baba, ba su ɓata ba, bari ka gani." Ta buga lambar jikin wani littafi a wurin karɓar aro, sai ga shi da sunansa da komai. Ta ce Koha wuri daban take adana bayanai, wani sashe kuma mai suna Zebra shi ke jera su yadda bincike zai same su, kuma da alama ɗauke wuta ne ya tsayar da shi ban sani ba. Muka lalubo kalmar sirrin da injiniya ya rubuta a bayan tsohuwar rajista, ta buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ta kwafo umarni layi ɗaya daga bayanan da masu kula da Koha suka rubuta kyauta don kowa. Kafin in dawo daga sallar azahar littattafaina sun dawo, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba.

A ranar ne na fara ganin mutuncin abin. Ita ce ma ta gaya mini "koha" kalmar mutanen Mawori ce ta ƙasar New Zealand, ma'anarta kyauta, kuma a 1999 aka rubuta ta don laburaren wani yanki mai suna Horowhenua, aka sake ta ga duniya. Har taronsu na duniya an yi a Ibadan a 2015. Mutanen da ba su san da zamana ba sun zauna sun rubuta maganin matsalata, wanda na biya kuma ya kashe waya.

Sai dai kada kalmar kyauta ta ruɗi kowa, don yanzu da nake rubutun nan haushin yana dawo mini. Ba ka biyan kuɗin lasisi, gaskiya ne, amma sai ka sayi inbata da batir, sai ka sami wanda ya san Linux, babbar manhajar da Koha ke aiki a kanta, in ba haka ba kullum a hannun wani kake. Sau biyu a shekara suke fitar da sabon zubi, Mayu da Nuwamba, mu kuwa muna nan kan wanda aka ɗora mana tun farko, tsoro ya hana ni taɓawa. Fom ɗin shigar da littafi ma, da lambobinsa na MARC, tsarin da ke bai wa kowane gurbi lamba, 245 na sunan littafi, 100 na marubuci da sauransu, ya ɗauke ni wata guda kafin in daina ɓata.

Aro da dawowa kam ba ni da ta cewa, yanzu ba mai musu da ni kan ranar da ya ɗauki littafi.

Injiniya ya kira bayan mako uku, wai yana tuna mana kuɗin kulawa na shekara. Yarinyar kuma watan Oktoba za ta gama, don haka kullum bayan an tashi nake zaunar da ita, tana faɗa ina rubuta umarnin ɗaya bayan ɗaya a bayan rajistar, ƙasan kalmar sirrin.