Yaya, ga labarin jirgin ruwan da nake nema

Salam Yaya, ya gida ya yara, ya jikin Hajiya? Allah ƙara sauƙi. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, ban amsa ba ne saboda tambayar taka ba ta amsuwa a layi biyu. Eh gaskiya ne abin da maman yara ta faɗa wa matarka, jirgin ruwa nake nema na hannu a nan Ingila, kuma lafiyata ƙalau, ba wanda ya yi min asiri. Tunda kai sana'arka kenan saye da sayar da motoci 'yan Kwatano nasan za ka fi kowa jin daɗin labarin, dan wlh wata huɗun nan na ga abubuwa.

Ka fara cire kwale-kwale daga ranka, ka cire kuma irin manyan jiragen teku. Wannan wani siriri ne dogo na ƙarfe, narobot suke ce masa, faɗinsa ƙafa 6 da inci 10 kacal, idan ka tsaya a tsakiya ka buɗe hannuwa saura kaɗan ka taɓa bango da bango, amma tsawo yana kaiwa ƙafa 70. Ciki akwai gado, kicin, banɗaki, ɗan falo da murhun gawayi. A kanal yake tafiya, wato kogin da mutum ya haƙa da hannunsa, kamar dai na Kadawa da ke ɗauko ruwa daga Tiga, sai dai namu na noman rani ne, nasu kuwa hanya ce ta dakon kaya tun kafin jirgin ƙasa. Wanda ake yawan ba da labarinsa shi ne na Bridgewater da aka buɗe a 1761 dan kai kwal Manchester, kuma a lokacin doki ne ke jan jirgin da igiya yana tafe a bakin ruwa, har yau hanyar dokin tana nan mutane na yawo da karnukansu a kai. Yanzu ba dako, sai yawon shaƙatawa da kuma masu zama a ciki saboda tsadar haya. Hukumar da ke kula da mafi yawansu ita ce Canal and River Trust, tun 2012 take riƙe da wajen mil 2,000 na ruwa a Ingila da Wales.

Dalilin sirantar shi ne lok. Ruwa ai ba ya hawa tudu, to sai suka gina wani ɗan ɗaki mai ƙofa gaba da baya, ka shiga da jirgi a rufe, ka murɗa wani ƙarfe ruwa ya cika ɗakin ya ɗaga ka sama, ka tura ƙofar gaba ka wuce. Faɗin ɗakin ƙafa 7 ne a yankinmu, shi ya sa jirgin bai isa ya yi ƙiba ba. Kuma da hannunka za ka yi komai, ba wani yaro da zai rugo ya buɗe maka ka ba shi na goro. Nan kusa da mu a Tardebigge guda 30 ne a jere, wuni guda ake kashewa. Bara da muka yi hayar wani na kwana huɗu daga Birmingham ni da yaran a nan abin ya shige ni. Gudun da doka ta yarda mil 4 ne a awa, tsohuwa da sandarta tana iya jerawa da kai kuna hira. Ni da nake wuni a asibiti a guje, na samu kaina zaune ina kallon agwagi, waya ko tunawa da ita ban yi ba. Wani abin dariya, a titi hagu suke bi amma a ruwa dama, kuma babu sitiyari, sanda ce a baya, ka tura ta dama jirgi ya yi hagu. Sau biyu ina shiga cikin ciyawa.

To neman. Na farko a Facebook na gan shi, ƙafa 45, fam 19,000, fenti kore shar sai ƙyalli. Na ɗau mota na je wani ƙauye, mutumin ya tare ni da fara'a har da shayi. Ina shiga hancina ya gaya min gaskiya, warin danshi da fumfuna, ya kunna wani turare mai ƙarfi amma ina. Nace zan kawo safiyo, wato ƙwararren mai duba lafiyar jirgi, a fitar da jirgin daga ruwa a duba ƙasansa, sai yace ai ba buƙata, akwai wani mai zuwa gobe da kuɗi a hannu. Yaya na kusa fashewa da dariya, nace a raina ashe wannan karatun har nan ya iso, ai a bakinku na fara jinsa, "akwai wani Alhaji da ya taya jiya". Kar ka yarda da masu cewa Bature ba ya cuta. Na tambaye shi takardun mallaka yace shi ma haka ya saya. Kuma abin da ya ban mamaki, a ƙasar da ko talabijin sai da lasisi, jirgin kanal ba shi da takarda kwatankwacin ta mota, lambar da hukuma ke ba shi ta biyan lasisi ce kawai ba hujjar cewa naka ba ne, hujjarka ita ce takardar cinikin da kuka sa wa hannu da tarin tsofaffin rasit. Na shanye shayina na yi masa sallama.

Daga nan na koma wajen dillalai. Cibiyar harkar wani ƙauye ne Braunston, inda kanal ɗin Oxford ya haɗu da Grand Union, shi da garuruwan kewayensa duk inda ka juya jirage ne an manna musu farashi. Wurin ajiye jiragen wai marina sunansa, ranar da na fara ji sai da na tuno Ƙofar Mata, nace to ina baban da karofin. A nan ne na ga bambancin da nake so in ba ka labari. Na shiga ofis, wata mata ta rubuta sunana, ta miƙo min makullan jirage uku da takardar bayanin kowanne, shekarar ƙira, kaurin ƙarfe, awannin da inji ya yi, ranar da aka yi masa baƙin fenti na ƙarshe, tace in je in duba in na gama in dawo. Shikenan. Ba mai bina, ba mai rantsuwa da Allah cewa wata likita ce ta hau shi daga gida sai ofis, ba 'yan kamasho biyar da kowa zai ce shi ya kawo ni. La'adarsu ma daga wajen mai sayarwa take fita, ni ba ruwana. Na ɗaga katifa, na buɗe ramin inji na leƙa da tocila, na zauna a falon kusan awa ɗaya ba wanda yace min kanzil.

Amma fa ciniki a nan ba daɗi. Ba albarka, ba "ƙara dai Alhaji", ba a riƙe hannunka a ja ka gefe. Ka rubuta tayinka a imel, matar ta kai wa mai shi, bayan kwana biyu a ce maka ya ƙi ko ya yarda, kamar kana neman aiki. Na yi kewar hayaniyarku wlh.

Cikin ukun wani ya kwanta min, ƙafa 57, ƙirar 1998, suna neman fam 42,000 na taya 38,000 aka sallama. Ƙafa 57 ɗin da gangan na nema, saboda wasu lok na arewacin Ingila gajeru ne, mai ƙafa 70 ba zai iya bin kanal ɗin Leeds zuwa Liverpool daga farko har ƙarshe ba, amma 57 kusan ko'ina yana zuwa, shi ya sa ma ya fi saurin fita in ka tashi sayarwa. Na ba da kafin alƙalami kashi goma bisa sharaɗin sai safiyo ya duba. Shi safiyon ni na nemo shi ni na biya shi, ba na dillali ba ne, kuma kuɗin fitar da jirgi daga ruwa ma a kaina, duka-duka wajen fam 900 suka tafi a rana ɗaya.

Ranar na ɗau hutu na je. Aka jawo jirgin tudu aka wanke shi da ruwa mai ƙarfi, ga wani dattijo da ƙaramin guduma da alli da wata na'ura kamar wadda muke duba ciki da ita a asibiti, yana kankare wuri ya ɗora ta ta faɗa masa kaurin ƙarfen ya rubuta da alli a jiki. Ƙa'idar ƙirar zamani 10/6/4 ce, wato ƙasan milimita 10, gefe 6, bangon ɗaki 4. Wannan gefensa 6 ne lokacin da aka ƙera shi, amma daidai inda ruwa ke tsayawa tsatsa ta yi masa ƙananan ramuka kamar zanzana, wasu wuraren saura 3 da ɗan wani abu. Dattijon yace yawancin kamfanonin inshora ba sa son ƙasa da 4. Sababin kuwa sakaci ne, ana so duk shekara biyu zuwa uku a fito da jirgi a shafe gindinsa da baƙin fenti mai kama da kwalta, a kuma canja wasu dunƙulallun ƙarafa da ake liƙawa a jiki dan tsatsa ta cinye su a maimakon jirgin, to na wannan sun cinye ƙurmus ba a sake ba. Daga sama kuwa Yaya in ka ga kicin ɗin sai ka ce amarya za a kawo. Sak motar da fanabita ya cika da bodi fila.

Aka mayar min da kafin alƙalamina cif cikin kwana uku ba tare da na kira kowa ya sa baki ba, wannan kam na yaba. Fam 900 kuma sun tafi kenan, na dawo gida da rahoto mai shafi goma sha da hotunan tsatsa. Maman yara ta lissafa shi da naira ta faɗa min, nace ta bari dan Allah.

Ana iya gyarawa, a yi masa faci da sabon ƙarfe a kan tsohon, kuma a nan ne nake cewa gida ta fi. Na kira wurare uku, ɗaya bai ɗauka ba, ɗaya yace sai bayan wata huɗu yake da wuri, na ukun ya faɗi kuɗin da ya kusa kai kwatan kuɗin jirgin. Aikin da in a Kano ne za ka shiga Ƙofar Ruwa da safe ka sayi falanki, mai walda ya zo da injinsa a Keke Napep, kafin sati ya fita an gama har ka yi masa ƙorafi. A nan kaya ba su cika tsada ba, hannun mutum ne tsada, awa ake lissafa maka, ko zuwa ya yi ya kalla ya girgiza kai sai ka biya. Shi ya sa duk mai jirgin da na haɗu da shi ya zama rabin bakanike, tsofaffi mata ma da kansu suke juyen baƙin mai.

Kuma sayen ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Lasisin shekara na mai tsawon nan ya haura fam 1,000, ga inshora, ga takardar shaidar lafiyar jirgi da ake sabuntawa duk shekara huɗu, mai dubawa ya zo ya bi layin gas da wayoyin wuta da abin kashe gobara da ƙararrawar hayaƙin gawayi, wadda ta zama dole tun 2019. Sai wurin ajiya, in a marina ne wasu dubban ne a shekara, na Landan kuwa kar ma ka tambaya. In ba ka so ka biya sai ka yi rajista a matsayin mai yawo kullum, sharaɗin kar ka wuce kwana 14 a wuri ɗaya, kuma akwai ma'aikata masu bin bakin ruwa suna rubuta lambobi, ba kuma wanda za ka ce wa "ofisa a duba mana". Ni da aiki ba zan iya wannan ba, marina zan kama.

Abin da zai ba ka dariya, duk abin da muka baro a gida shi zan saya da kuɗina. Wuta a jirgi batir ce da sola da inbata, kana kallon mita kana kashe fitila, ruwa a tanki yake sai ka je famfon bakin kanal ka cika, banɗaki kuma wani akwati ne da za ka ciro da hannunka ka kai wurin zubarwa, ko kuma tanki da ake zuƙewa da inji ka biya. Turawan nan in suka haɗu ba abin da suke musu a kai kamar wanne ya fi a cikin biyun. Na gaya wa wani cewa mu da rashin NEPA da sayen ruwan 'yan garuwa muka girma, yace to ai kai ka riga ka gama makarantar. Alƙibla ce dai matsala, kanal ya yi kwana ta juya, duk sallah sai na duba waya.

Yanzu maganar da ake ciki, akwai na wani tsoho kusa da Foxton, shekarunsa sun ja gwiwa ta hana shi tura ƙofofin lok. Ƙafa 55, ƙirar 1991, fentin ya koɗe, labulayen tun na zamanin Thatcher, maman yara tana gani ta taɓe baki. Amma ya ɗauko min wani fayil mai kauri, rasit ɗin kowane baƙin fenti da kowane juyen mai tun ranar da ya saya, a jere da kwanan wata, kuma da kansa yace in kawo safiyon da na ga dama. Da ya buɗe ramin inji kuwa sai ga Lister, Yaya Lister dai irin na injin niƙan bakin kasuwarmu, yana tayar da shi na ji wannan bugun tuk tuk tuk sai da na ji kamar in miƙa kwanon dawa. Fam 31,000 yake nema, na taya 28,500, ya tsaya a 29,500 kuma zai bar min igiyoyi da ƙarfen murɗa lok da buhun gawayi uku. Ranar Talata mai zuwa za a fito da shi, dattijon nan mai alli na sake kira, wasu fam 900 ɗin kenan.

Dan Allah kar ka gaya wa Hajiya tukuna, ka san ta da ruwa, zurfin kanal ɗin ma yawanci bai wuce ƙirjin mutum ba amma ba za ta saurara ba, bari in ya tabbata ni zan kira ta da kaina. Kuɗin makarantar su Abba kuma yana nan ban taɓa shi ba, ƙarshen wata zan turo insha Allah. Ka gaida mutan gida, ka ce wa yaron shagonka ya turo min hoton Corollar nan da kace ta shigo.